Yadda Ake Riƙe Ƙungiyar Rage Ƙiba Bayan Ɗokin Farko Ya Wuce

Fara rage ƙiba ba shi da wuya. Likita ya ce suga ya hau, ko gwiwa ta soma ciwo wajen tashi daga sujada, ko tela ya ce yadin da aka saba yanka ba zai isa ba, nan take mutum zai ɗaura aniya. A makon farko ya bar lemon kwalba, ya rage tuwon dare, ya riƙa fita tattaki bayan sallar asuba. Sikeli ya nuna kilo biyu sun tafi, murna ta kama shi, ya shiga ƙungiyar masu rage ƙiba ko ya haɗa tasa. Wahalar tana can gaba, wajen wata na biyu ko na uku, lokacin da aka yi biki a dangi, aka kwana huɗu ana cin shinkafa da soyayyen nama, aka hau sikeli aka ga kilo ɗaya ya dawo. A wannan makon ne mutum ke cewa a ransa, "Bari in gyara tukuna, mako mai zuwa sai in je taro." Mako mai zuwa ya zo ba a gyara ba, kunya ta ƙaru, shi ke nan an bar ƙungiya ko sallama babu.

Duk wanda zai kafa irin wannan ƙungiya, ko zai shiga, ya sa a ransa cewa domin wannan makon ake kafa ta. Wanda ya zubar da kilo biyu ba ya jiran kowa ya ƙarfafa masa gwiwa. Saboda haka duk dokar da za ku sa, ku gwada ta da tambaya ɗaya: za ta sauƙaƙa wa wanda ya yi ɓarna ya zo taro, ko za ta sa ya ɓuya?

A 1961 wata matar aure a unguwar Queens ta birnin New York, Jean Nidetch, mai nauyin kusan kilo 97, ta je asibitin masu ƙiba na hukumar lafiyar birnin, aka ba ta tsarin abinci. Ta rage kusan kilo 9, sai gwiwarta ta fara sanyi, ga shi tana cin biskit a ɓoye, ba ta da wanda za ta faɗa wa. Ta kira ƙawayenta shida masu irin damuwarta zuwa gidanta, ta faɗi gaskiyarta, su ma suka faɗi tasu. Cikin watanni biyu masu zuwa taron suka kai 40, kuma daga nan kamfanin Weight Watchers ya samo asali a 1963. Tsarin abincin na asibiti ne, ba ita ta ƙirƙiro shi ba. Abin da ta ƙara shi ne ɗakin da mutum zai faɗi abin da ya ci ba a raina shi ba.

Bincike ya goyi bayan abin da ta gano. A 1999 Rena Wing da Robert Jeffery a Amurka suka kwatanta waɗanda suka shiga shirin rage ƙiba su kaɗai da waɗanda suka shiga tare da abokai ko 'yan'uwa uku, aka kuma koya musu yadda za su tallafi juna. Cikin masu zuwa su kaɗai, kashi 76 cikin ɗari ne suka kai ƙarshen shirin, kashi 24 kacal suka riƙe duk abin da suka rage bayan wata shida. Cikin masu zuwa da abokai, kashi 95 suka kammala, kashi 66 suka riƙe.

Haɗa ƙungiya

Kada ku tara jama'a. Mutum shida zuwa goma sha biyu sun isa, domin kowa ya samu damar magana, kuma in wani bai zo ba a lura. Mata su yi tasu, maza su yi tasu, tunda akwai zancen haila da jego da ba za a yi shi a gaban maza ba. Ku zaɓi waɗanda gidajensu ke kusa, don taron da sai an hau mota biyu kafin a je ba ya daɗewa. Rana ɗaya a mako, lokaci ɗaya, wuri ɗaya: zauren wani, harabar Islamiyya bayan an tashi, ko wani ɗaki a wurin aiki. Kayan aikin ba su da yawa: sikeli ɗaya da za a riƙa ajiyewa a kan siminti ko tayil, ba a kan tabarma ko kafet ba, tef ɗin awo irin na tela, da littafi mai kauri.

Wanda ya taɓa yin adashi ya riga ya san yadda abin ke tafiya. Ba a cewa uwar adashi, "Wannan makon kasuwa ba ta yi ba, sai na samu zan leƙo." Ana zuwa a zuba abin da ya samu, ko a zo a yi bayani ido da ido. A nan zubin shi ne zuwan kansa. Ku rubuta wannan a shafin farko na littafin: wanda ya ƙaru ya fi kowa haƙƙin zuwa taro. In za ku sa tara, ku sa ta a kan fashin taro ba tare da sanarwa ba, a tara kuɗin a sayi na'urar awon hawan jini. Amma tara a kan ƙarin nauyi, ko da ta naira hamsin ce, ita ce hanya mafi sauri ta korar waɗanda aka kafa ƙungiyar dominsu.

Jagora ba sai wanda ya fi kowa ramewa ba. A nemi mai riƙon amana, mai sauraro, wanda ba ya wa'azi. In an samu nas ko jami'in lafiya da zai riƙa leƙowa ko da sau ɗaya a wata, ya yi kyau.

Burin da za a sa

Mutane da yawa suna shigowa da nauyin da suke da shi ranar aurensu a ka, shi suke so su koma. Wannan buri yana da nisa ƙwarai, kuma wanda ya sa shi a gaba zai ga kilo huɗu da ya zubar kamar bai yi komai ba. Abin da likitoci ke nema a matakin farko shi ne kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki, cikin kamar wata shida. Mai kilo 90 ke nan zai nemi zubar da kilo huɗu da rabi zuwa tara, rabin kilo a mako ko ƙasa da haka.

Kada a raina wannan. A wani babban bincike na rigakafin ciwon suga a Amurka, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2002, an bi mutum sama da 3,000 da sugansu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba. An nemi wani rukuni su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su kuma motsa jiki na minti 150 a mako. Haɗarin kamuwarsu da ciwon suga ya ragu da kashi 58 cikin ɗari, alhali waɗanda aka ba maganin metformin nasu ya ragu da kashi 31. Jagora ya riƙa tuna wa mutane wannan duk lokacin da wani ya ce, "Duk wahalar nan kilo biyar kawai?"

Abin da sikeli ke faɗa da abin da ba ya faɗa

Yawancin karayar zuciya daga rashin fahimtar sikeli take zuwa, don haka ya kamata a ware zama guda tun farko a yi bayaninsa. Kilo biyun da ke tafiya a makon farko, mafi yawansu ruwa ne. Jiki yana ajiye sitaci a hanta da tsoka, kuma kowane giram nasa yana riƙe da ruwa kusan giram uku. Da an rage tuwo da shinkafa, ajiyar ta ragu, ruwan ya bi ta. Wannan saurin ba zai ci gaba ba, kuma raguwarsa ba alamar gazawa ba ce. Haka nan a ɗaya ɓangaren: kafin jiki ya tara kilo ɗaya na kitse, sai an ci rarar kalori sama da 7,000 a kan abin da yake buƙata. Wanda ya ci tsire da yaji mai gishiri da daddare ya wayi gari da ƙarin kilo ɗaya, ruwa ne gishirin ya riƙe, zai sauka cikin kwana biyu ko uku. Mace kuma nauyinta kan hau gab da haila. Shi ya sa awon mako ɗaya ba ya yanke hukunci. A duba makonni huɗu a jere, a ga ina layin ya dosa.

Sai kuma tsayawar da ke zuwa wa kusan kowa, galibi wajen wata na shida. Mutum bai canza komai ba a ganinsa, amma sikeli ya kafe. Akwai dalilai. Jikin da ya ragu ba ya ƙona abinci kamar da. Sannan yunwa tana ƙaruwa da gaske: a wani bincike da aka yi a Melbourne ta Ostireliya, aka buga a 2011, mutanen da suka zubar da sama da kilo 13 cikin makonni goma, bayan shekara guda sinadarin da ciki ke aika wa ƙwaƙwalwa don sanar da yunwa yana nan sama da yadda yake kafin su fara. Ina ganin babu bayanin da ya fi wannan amfani ga ɗan ƙungiya, domin yana cire masa zargin kansa da kwaɗayi ko raunin zuciya. Akwai kuma dalili na uku da ba a son faɗa: bayan watanni, malmalar tuwo kan ƙara girma a hankali ba a lura ba. Maganinsa a rubuta duk abin da aka ci na mako ɗaya, har da lomar ɗanɗano a bakin murhu da ragowar kwanon yara.

Domin kada farin cikin mutum ya rataya a kan sikeli kaɗai, a riƙa auna ƙugu sau ɗaya a wata, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin kwankwaso, bayan an fitar da numfashi. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce kewayen ƙugu ya kasa rabin tsawon mutum: mai tsawon santimita 160, ƙugunsa ya kasa 80. A rubuta awon hawan jini da na suga ga masu yi. A rubuta har da abubuwan da ba su da lamba: an daina haki a matakalar bene, zobe ya koma shiga yatsa, an yi sallah a tsaye bayan an daɗe ana yi a zaune.

Yadda zaman mako zai kasance

Awa ɗaya ta isa. A fara da awo, kuma a yi shi a keɓe, daga mai hawa sikeli sai mai riƙe da littafi. Ba a shelar lambar kowa. Wanda ya so ya faɗi tasa da bakinsa, wanda bai so ba a ƙyale shi. Daga nan a zauna a zagaya, kowa minti uku ko huɗu: me na ɗauki alkawarin yi a makon jiya, me ya yiwu, ina abin ya kakare.

Nan ne ƙungiya ke rayuwa ko ta mutu, kuma abin ya dogara da kalaman da ake furtawa a daƙiƙar farko bayan wani ya ce ya yi ɓarna. In aka ce, "Haba Hajiya, ke ma dai!" ko aka yi dariya, ko aka fara jero mata illolin mai, ta zo taronta na ƙarshe ke nan, kuma sauran da ke zaune sun koyi cewa gara su yi ƙarya. In kuma aka ce, "Ba komai, ai kowa ma yana yi," aka wuce, an yi mata daɗin baki amma ba a taimake ta ba. Abin da ya kamata jagora ta ce shi ne, "Sannu da zuwa Hajiya, mun ji daɗi da kika zo. Wace rana ce ta fi ba ki wuya?" Sai a bi ranar daki-daki. Ashe ba ta karya ba ta fita, ta isa gidan suna da azahar da yunwa, aka ajiye mata masa da miyar taushe da lemo, ga cincin a leda. Da an kai nan, zancen ya tashi daga halin Hajiya ya koma kan tsarin ranar, kuma tsari abu ne da ake gyarawa. Sai a tambayi sauran, "Wa ya taɓa shiga irin wannan, yaya ya yi?" Shawarar da ta fito daga bakin wadda ta sha irin wannan wuya ta fi shiga kunne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma sai mutum ya tabbata abin da ya faɗa ba zai fita daga ɗakin ba. Wanda aka kama yana kai zancen 'yan ƙungiya waje, a yi masa magana sau ɗaya, in ya sake a sallame shi.

Kafin a tashi, kowa ya ɗauki alkawari ɗaya na mako, a rubuta. "Zan rage ci" ba alkawari ba ne, don ba a iya gane an cika ko ba a cika ba. Alkawari shi ne, "Daga Litinin zuwa Juma'a, ruwa zan sha da abincin rana maimakon lemo." Lemon kwalba mai rabin lita kan ɗauki sukari sama da giram 50, fiye da ƙaramin cokali 12, wanda shi kaɗai ya kai iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba babban mutum a yini. Zoɓo da kunun aya da fura in an cika musu sukari, su ma sahu ɗaya suke, haka shayin mai shayi da ake kwarara wa madara mai zaƙi. Ko a ce, "Zan riƙa auna mai da cokali, ba zan tuttula daga galan ba." Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da kalori kusan 120, abin da sai an yi tafiyar sauri ta minti 20 zuwa 30 kafin a ƙona. Ko, "Malmala ɗaya da daddare, in cika kwanon da miyar ganye." Ba a buƙatar abincin kanti mai tsada. Kwaɗon zogale da na rama, wake, alala, dafaffen ƙwai, kifi, kabeji, yalo, gwanda, duk suna kasuwar unguwa, kuma suna riƙe ciki.

Abubuwan da aka san za su zo, a shirya musu tun kafin su zo. In akwai biki ranar Asabar, tun a taro za a tsara: zan ci wani abu a gida kafin in fita, zan ɗauki faranti ɗaya, in aka matsa in ce, "Na gode Yaya, a zuba mini in tafi wa yara da shi." Watan azumi ma haka. Mutane kan rage kamar kilo ɗaya a cikinsa, ya dawo 'yan makonni bayan Sallah, wasu kuma ƙaruwa suke yi saboda soye-soyen buɗa-baki. Kada a dakatar da taro a watan, a mayar da shi bayan tarawihi ko a gajarta shi. Makon Babbar Sallah kuwa, burin kowa ya zama kada ya ƙaru, ba ya ragu ba.

Tsakanin taro da taro, kowa ya samu abokin tafiya guda. Minti 150 a mako minti 30 ne sau biyar, kuma ana iya raba shi goma-goma bayan kowane cin abinci. Macen da fita ke mata wuya tana iya zagaya tsakar gida, ƙawarta ta shigo su yi tare. A watannin zafi a yi kafin rana ta fito ko bayan la'asar sakaliya. In mutum ya yi fashin taro, abokin nan ne zai kira shi a ranar, ba bayan mako uku ba, kuma ba da sigar tuhuma ba: "Malam, ba mu gan ka ba, lafiya dai? Gobe da asuba zan biyo maka." Zauren WhatsApp yana da amfani wajen tunatarwa, amma ba ya maye gurbin kiran waya ko ƙwanƙwasa ƙofa, domin wanda kunya ta kama shiru kawai zai yi a zaure, ba wanda zai lura.

Gida

Akwai wani nauyi da littattafan Turawa ba su cika sani ba. A wurinmu ƙiba takan zama shaidar hutu, rama kuwa abin tambaya. Matar da ta zubar da kilo shida za ta ji, "Kin rame, lafiya kuwa? Ko maigidan ne?" Uwar miji na iya ɗauka ana cewa ɗanta ba ya ciyarwa. Wannan yana karya gwiwa fiye da yunwa, don haka a tattauna shi a taro, kowa ya tanadi amsa gajera mai ladabi: "Lafiya lau Umma, saboda hawan jini ne nake ragewa, kuma na fi jin ƙarfi yanzu." Tun farko a sanar da maigida ko uwargida dalili, a nemi abu ɗaya takamaimai, kamar a daina shigo da katan ɗin lemo gida. Ba sai an ɗora tukunya biyu ba. Abincin gidan za a ci, a rage mai da sukari ga kowa, a ƙara ganye, mai ragewa ya rage nasa kason.

Abubuwan da ke rusa ƙungiya

Gasar wa ya fi zubarwa tana da daɗi a watan farko, amma mutum ɗaya take ɗagawa ta kwantar da goma, kuma tana tura mutane ga kwana da yunwa kafin ranar awo. Jikuna ba ɗaya ba ne: maza kan fi mata saurin sauka, masu nauyi sosai kan fi saurin zubarwa da farko. In za a ba da kyauta, a ba wanda bai yi fashi ba.

Na biyu shi ne mai talla. Kusan kowace ƙungiya sai an samu wanda zai shigo da shayin rage tumbi ko ƙwayar narkar da kitse. Da yawa cikin irin wannan shayi ganyen filasko ne ko danginsa, gudawa yake sawa, ruwa ya fita, sikeli ya sauka, kitse yana nan. An sha gano sibutramine a ɓoye cikin kayan rage ƙiba da ake cewa na ganye ne, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Doka ta zama ba a saye ba a sayarwa a taro, ko jagora ce da kanta.

Mai juna biyu ba ta shiga shirin rage ƙiba, mai shayarwa kuma sai da shawarar asibiti. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwayoyi irin su glibenclamide ya ga likitansa kafin ya rage abinci, don suga na iya faɗuwa ƙasa ya sumar da shi. Mai shan maganin hawan jini ya riƙa awo, wataƙila a rage masa magani in nauyi ya sauka, amma kada ya daina da kansa. Wanda ke ramewa ba tare da ya canza komai ba, asibiti zai je, ba tafi za a yi masa ba. In kuma aka lura wani yana tilasta wa kansa amai ko yana kwanaki ba ci, jagora ta keɓe shi ta raka shi wurin likita.

Bayan an kai

Wanda ya kai burinsa shi ne ya fi saurin cewa ya gama, alhali yunwar nan da aka yi bayani tana tare da shi. Tun 1994 Rena Wing da James Hill suka buɗe wata rajista a Amurka ta mutanen da suka zubar da aƙalla kilo 13 da rabi suka kuma riƙe na shekara ɗaya ko fiye. Abin da ya haɗa yawancinsu ba wani sirri ba ne: kusan kashi uku cikin huɗu suna hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a mako, mafi yawa suna karya kumallo kullum, kuma suna motsa jiki kusan awa ɗaya a rana, galibi da tafiya a ƙasa.

Don haka kada a yi wa wanda ya kai bikin sallama. A mayar da zuwansa sau ɗaya a wata, a ba shi aiki, ya riƙe littafi ko ya zama abokin tafiyar sabon shiga. Sannan a shafinsa a rubuta lamba ɗaya da jan biro, kilo biyu sama da inda ya tsaya. Ya riƙa awo a gida duk mako, kuma ranar da sikeli ya taɓa wannan lamba sau biyu a jere, ya dawo taron mako-mako a wannan makon, a koma rubuta abinci da alkawarin mako kamar yadda aka fara.